Isiyaku Mai Tambayar Ranar Suna

Ina tsaye a kasuwar Makarfi ina taya masarar da ba ni da niyyar saye, sai waya ta yi ƙara. Ƙanin matar abokina Isiyaku ne. Ya ja gaisuwa har na gane akwai magana, sannan ya ce Malam Isiyaku ya cika da hantsi a gidansa na Ikara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da zagaya rumfuna kamar wanda ya yar da wani abu. Har yau zama wuri ɗaya yana yi mini wuya.

Tare muka yi sakandare a Zariya, zamanin da ake ce mana mu ne za mu gyara ƙasar nan. Ni na bi koyarwa har na zama hedimasta, na yi ritaya na bar azuzuwa babu rufi kamar yadda na same su. Shi ya shiga aikin lafiya, ya ƙare a ƙaramin asibiti yana awon jarirai da allurar rigakafi. Na daɗe da fid da rai daga mutanenmu da masu mulkinmu baki ɗaya. Shi bai fid da rai ba, kuma a kan haka muka fi yin faɗa.

Isiyaku ba ya yi wa mata wa'azi. Yakan ce, "Mace ba ta ƙin awo, Hedimasta. Izinin fita ake hana ta." Don haka maza yake bi. Duk inda ake suna, daga Saulawa har Hunkuyi, za ka gan shi da sassafe a kan babur, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Sai an shafa fatiha, an raba goro, wanzami yana wasa aska, sannan ya juya wurin uban jariri a gaban jama'a: "Angon ƙarni, barka. Rago dai mun gani. Yaushe za a kawo mini shi awo?" In mutum ya fara kame-kame sai ya ce, "To faɗi rana a gaban liman." Da yawa sun ji haushinsa, amma sun kai 'ya'yan.

Kuma ba ya sakin yaro don ya yi wayo. Na sha ganin ya tare ɗan makaranta a hanya, ya ja fatar idonsa ya duba ko da jini, ya tambaye shi ko yana hango allo daga bayan aji. 'Yan mata masu tasowa ma yakan tuna wa iyayensu akwai tasu allurar. "Yaye ba sallama ba ne," in ji shi.

Abin da ya fi ƙona masa rai kuskure ne da ya cika ƙauyukanmu. Masu ɗigon shan inna suna bi gida-gida, su ɗiga wa yaro a baki, su shafa masa tawada a farce, su yi rubutu da alli a bango. Maigida ya ga alli a bangonsa sai ya ɗauka an gama rigakafi. Isiyaku yakan ce ɗigon yana da kyau, amma ciwo ɗaya yake tarewa, ƙyanda kuwa ba ta karanta alli.

Ɗana Bashir, da ke noma a Malikanchi, yana cikin masu wannan kuskuren. 'Yarsa Jidda ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda, ga zafi ya shigo, ga labarin ciwon ya ɓulla a wata ruga kusa da su. Na kira shi a waya. Ya ce, "Ai an ɗiga mata, Baba, ba sau ɗaya ba." Na kai ƙara wurin Isiyaku, lokacin yana kwance ba lafiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai da ka zane rabin garin nan da bulala, ɗanka ya gagare ka? Bar ni da shi. In na miƙe zan same shi a majalisarsu." Bai miƙe ba.

Wurin zaman makoki manya sun zo da motoci suna yabon haƙurinsa. Su ne dai ya yi ta bi a kan firjin allura da ya lalace, har ya koma roƙon ƙanƙara wurin masu sayar da lemo. Na kasa sauraro. In tashi, in koma in zauna, hankalina yana Malikanchi.

Washegarin sadakar uku ranar awo ce. Na hau acaɓa, na tarar da Bashir a majalisa gindin darbejiya. Ba ni da harshen Isiyaku, ban iya wasansa ba. Da aka gama gaisawa na ce, "Shiga ka ce wa matarka Rabi ta goyo yarinyar. Ko ka kai su, ko mutanen nan su ga tsohonka a layin awo." Wani dattijo ya ce, "Tashi mana, Bashir, Malam ya zo ɗaukar amaryarsa." Aka yi dariya. Ya sunkuyar da kai, ya je ya tayar da babur.

Na bi su har asibitin. Ina daga waje na ji Jidda ta tsala kuka, na san an yi. Ma'aikaciyar ta leƙo ta ce a dawo da ita nan da wata shida, akwai ta biyu. Na dubi Bashir, shi yana duban wayarsa. Ban san ko zan kai lokacin ba, kuma babu sauran mai bin majalisu yana tambaya.

Allah Ya jiƙan Isiyaku, Ya rufa masa asiri a kabari, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Yaran da suka tsira ta hannunsa, Allah Ya sa su yi masa nauyi a mizani. Matarsa Hajiya Asabe da 'ya'yansa, Allah Ya ba su haƙuri, Ya zama gatansu. Jariran da za a raɗa wa suna bayansa kuma, ya Allah, Ka tayar musu da wani mai tambaya. Amin.