Rubutun da ke bangon tsohuwar gar

Mun tashi da asuba daga Malanbil a saman kamiyon albasa, wato babbar mota, ni da wani maƙwabcina. Inna ce ta aike ni. Ina goye Nasara suka ɗebe Babana Mamman aikin dole na hanyar jirgin ƙasa, bai dawo ba. Shekara arba'in mutanen garinmu Garu na cewa gudu ya yi, ya yi wani aure a bakin teku. Yanzu Inna ta kwanta ciwo, tana son gaskiya.

Hanya ta ƙi ƙarewa. Kowane shinge sai jandarma ya sauke mu, ya duba takarduna na ajami a kife, ya gyaɗa kai. A Kandi na sayi doya ta dala biyar, na kasa ci. Daga Faraku muka yi kudu zuwa ƙauyen da wani tsohon lebura ya kwatanta mini.

Gar ɗin, wato tashar jirgi, ta mutu. Jirgi na wucewa, ba ya tsayawa. Awaki ke kwance wurin sayar da tikiti. Tsohon mai gadi ya ce leburori ne suka gina ta, nan suke kwana, nan zazzaɓi ya ɗebe su. Sojoji sun ba shi umarni ya shafe ginin da farar ƙasa. Ya shafe bango uku, ya bar ɗaya.

"Malam," in ji shi, "ga ayoyi nan an karce da ƙusa. Hannuna ya ƙi shafe su."

Na matsa na duba. Ba ayoyi ba ne, Hausa ce da ajami. Sunaye ne da garuruwa. Can ƙasa, daidai inda hannun mai kwance zai kai, na karanta: "Ni Mamman na Garu. Ciwo ya ci ƙarfina. A gaya wa gida."

Na zauna a ƙasa na kwafe bangon duka, har sunayen da ban sani ba. Muka yi musu addu'a.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, ina roƙon Allah in tarar da Inna da rai. Na tarar. Na karanta mata, ta ce in sake.

"To, kira mini mutane," in ji ta. "A bakin ƙofa za ka karanta, da ƙarfi."

Alhamdulillahi. Na koyi cewa saƙo na iya makara shekara arba'in, ya kuma isa.