Rigar Bawa a Bayan Buhuna

Bawa mutumin Tsamaye ne, manomin gero, har bayansa ya gaji da sunkuyo. Ya shigo Sabon Birni ya sami aiki a wani siton takin zamani. Aikin ba mai nauyi ba ne. Yana tafe gaban motar ɗaga buhuna yana cewa "Hanya! Hanya!", direban kuwa, Illo, ba ya motsawa sai ya ga hannun Bawa ya sauka. Shekaru suna haka. Bawa bai cika magana ba, amma in ya yi, da wuya ka rasa "ni da Illo" a ciki.

Sai aka kawo riguna masu ƙyalli, kowace da 'yar na'ura a ƙirji. Leburori suka sa mata suna laya. In mai riga ya matso, motar sai ta yi ƙara ta rage gudu da kanta.

"Wallahi, Baba Bawa, abin ga har bayan buhu shina gani!" in ji Illo.

"To," Bawa ya ce. "Ya san sunan mutane?"

Illo ya yi dariya ya ja motarsa. Tun daga ranar idonsa ya koma kan 'yar fitilar gargaɗi da aka sa a gabansa cikin motar. Bawa zai sauke hannu, ya tarar an riga an wuce.

Da azahar kowa kan cire rigar don alwala, a rataye su a bakin ƙofa. Bawa ya lura in motar ta gifta wurin, sai ta yi ta kuka ga bangon da ba kowa. Wata safiya ya cusa tasa bayan buhuna, a lungun da Illo ya fi bi, ya fito da rigarsa ta gida. Motar ta wuni tana turjewa a wurin.

"Mi ya samu layarku yau?" Bawa ya tambaya. "Ni dai ban taɓa tsai da kai a banza ba."

Illo ya sauka, ya leƙa lungun, ya fito da rigar. Ga sunan mai ita a wuya. Zayyanu, mai kula da siton, yana tsaye yana kallo.

"Baba, da na yi baya ɗazu, kana ina?" Illo ya tambaya a hankali.

"Bayanka."

"Ba riga?"



Zayyanu bai kori Bawa ba, ya dubi furfurarsa. Aka mai da shi ƙofar waje yana buɗe wa tireloli. A can yake sa rigar har wuya, inda motar ba ta zuwa. Illo kan gaishe shi da safe, ya tambayi iyali, ya wuce ciki.