Da Muka Ɗaure wa Iya Gizo

Iya, mahaifiyar babanmu, ita ce mai tatsuniya a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Zakirai. Lokacin sanyi, da an idar da sallar lisha sai mu kwaso karan dawa mu hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu binne dankali a toka, muna turereniya kan wanda zai zauna jikin ƙafarta. Ni take ce wa angonta, wai ban taɓa saya mata ko kallabi ba amma ni ne gaba wajen cinye mata dankali. Kafin ta rufe baki da ga ta nan, mun riga mun amsa da ƙarfi, har Baba ya yi gyaran murya daga turakarsa.

Wadda na fi so ita ce ta Barci. Iya ta ce Barci wani tsoho ne mai yawo da tulu, kowa yana da ƙwarya ɗaya a wurinsa kullum. Wata malalaciya ta gano hanyar da yake bi da hantsi, ta riƙa tare shi a gindin tsamiya tana shanye rabonta. Dare ya yi, gari ya ɗauki minshari, ita kuwa ta bi tsohon gida-gida tana roƙo. Ta faɗa kwata, kare ya biyo ta, ta afka akurkin kaji. Iya takan kwaikwayi kukan kajin har mu riƙe ciki. Sannan ta maƙe murya irin ta tsohon: "Ƙwarya ɗaya ce, 'yar nan. Kin sha taki."

Bayan na yi iyali, ruɗewar tsufa ta kama Iya. Sunayenmu suka ɓace mata. Ta wuni tana barci, da dare kuma ta ɗauki guga ta fice. Wata asuba aka same ta a bakin rijiya. Baba ya sayo kwaɗo ya ce za a riƙa kulle ta. Na roƙe shi ya dakata mu kai ta asibiti a Kano.

Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba ya warkewa, amma barcin yana gyaruwa. Bai so ya fara da ƙwayar barci ba, don tana iya ƙara mata ruɗewa ko ta sa ta faɗi. Ya ce a fito da ita hasken safe, a ɗauke goro da yamma, kada a bari ta wuni tana gyangyaɗi.

Na ƙarshen ne ya gagare mu. Tatsuniya kaɗai ke buɗe mata ido, ita kuwa ta ƙi. "Da rana, yaron nan? So kake ka ɓata a daji?" Ba ta san ni ba, amma wannan ba ta manta ba.

Matata Hadiza ce ta tuna maganin da tsofaffi ke yi wa tatsuniyar rana. Ta je jikin rumbu ta ƙulla bunu a gaban Iya, ta ce ta ɗaure gizo, ba mai ɓata. Iya ta sa hannu ta ja ƙullin, ta ga ya kamu. Ta gyara zama.

"To, ku matso."

Yaran gida suka sheƙo da gudu, na maƙwabta suka tsallako danga. Tana haɗa kan wannan tatsuniya da wutsiyar waccan, yara na gyara mata, tana ce musu marasa kunya. Har azahar ba ta runtsa ba. Kullum sai sabon ƙulli, kuma sai ta gwada shi da kanta. Ba nan take ba, amma a hankali tashin dare ya ragu. Ranar da ladan ya kira assalatu Iya na kwance tana minshari, ni da Baba muka tsaya a bakin ƙofa muna dariya ƙasa-ƙasa kamar yara.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Barci faɗa ce ga malalata. Yanzu ina ganin wani lokaci ba laifin mai shan ba ne, ƙwaryar ce ke zuwa ba kan lokaci ba, sai na kusa da shi su riƙe masa ita har dare. Iya ta rasu da daminar bara, Allah ya jiƙanta. Har aka fito da ita, asabari ne kawai a ƙofarta.