Fura ga Mai Bulala

Zamanin aikin dole, da aka kwashe mazan Kurfai gyaran hanyar Filinge, wani gardi ya zane maigidana da bulala. Ni na yi ta shafa masa man shanu a baya.

Aka soke aikin, ba a tuhumi kowa ba. Da zaɓe ya zo, sai ga gardin da babbar riga, yana roƙon ƙuri'armu. Ni ruwan zafi na so watsa masa, amma maigida ya ce in kawo fura.

Ya tuɓe riga, ya juya wa baƙon baya, ya ce, "Faɗi, Malam, ina ji."

Furar ta ƙi haɗiyuwa. Iyakar shari'ar da muka samu ke nan. Da ya tafi, na ɗauko man shanu, ko da yake ciwon ya daɗe da warkewa.