Tukkun Ƴar Mai Kifi

Ni ne na yi laifi. Na daɗe ina ba da labarin nan ta hanyar da za ta wanke ni, wani lokaci in ce zafi ne, wani lokaci in ce don lafiyar yarinyar na yi. Yanzu da na zauna rubutawa da ɗan karatun da nake da shi, wanda bai wuce aji shida na lakwal, makarantar boko, ba, na ga gara in faɗi yadda abin yake. An ba ni amanar yarinya, an nuna mini abu guda da ba a so in taɓa, na taɓa shi ina sane.

A da ɗan dako ne ni a tashar manyan motoci ta nan Gaya. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki buhun shinkafa, bayana ya yi ƙara, daga ranar ban ƙara ɗaukar kaya ba. Mai ɗakina ce ta fara karɓar yaran matan da ke ƙetare gada zuwa kasuwar Malanbil. Da asuba su kawo su, bayan la'asar su zo su ɗauka. Amma ita tana da girki da ɗibar ruwa, ni kuwa ina kwance kan tabarma ƙarƙashin mangwaro ba aikin komai. A hankali yaran suka rarrafo wajena. Ban san ranar da aikin ya zama nawa ba. Na dai wayi gari na san wanda ba ya shan koko sai ya huce, da wadda ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum.

Tsofaffin abokan dakona in sun wuce sai su leƙo ta zaure.

"Inna, ina kwanan ɗiya? An ba su nono?"

"Shigo in goya ka," nakan ce, "ka fi su kuka."

Lokacin da na fi so shi ne bayan azahar, in duk sun kwanta. Gidan sai ya yi tsit, ba a jin komai sai gurnanin kamiyo, manyan motocin kaya, daga nesa suna jiran layin duwan masu binciken kaya a bakin gada, da numfashin yara bakwai kowa da irin nasa. Hasken rana yana ratso ganye yana yawo a kan cikkunansu. Ina zaune ina kora musu ƙuda da mafici, sai in ji kamar tsakar gidan ta saki ƙasa, ta zama kwalekwale, kogi yana tafiya da mu a hankali, ni ne mai tuƙi kuma ba inda za mu. Sau da yawa ban san ko barci nake ko ido biyu ba.

Cikin matan akwai wata mai sayar da bandar kifi, mutuniyar Tunuga, siririya, ba ta da yawan magana. Ƴarta ta ɗan haura shekara biyu. Kan yarinyar a aske yake tas, sai tukku guda a tsakiya, ɗan curin gashi da ya cukurkuɗe ya yi ja saboda rana. Ranar farko da ta kawo ta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce:

"Baba, komai ka ba ta za ta ci. In ta yi ƙiriniya ka tsawata mata. Kanta kawai, don Allah, kada kowa ya sa masa aska."

Na ce to.

Daga baya mai ɗakina ta ba ni labarin. Matar ta haifi uku kafin wannan, kuma ba wanda ya ga ƙarshen daminarsa ta uku. Da aka haifi ta huɗun, kakarta ta wajen uwa ta hana a aske wannan curin ranar suna. Ta ce a bar shi sai yarinyar ta wuce inda yayyenta suka tsaya, sannan a kai mata ita Tunuga, ta yanke shi da hannunta, ta binne shi a gindin bishiyar da ke bayan ɗakinta. Lokacin da nake jin wannan labari yarinyar ta ga damina biyu, ta ukun ce ke tafe.

Yarinyar ta saba da ni fiye da kowa. Ita ce mai riƙe kunnen. In ta kwanta a ƙirjina tukkun yana sosa mini haɓa, yana warin hayaƙin kifi da man gyaɗa. Har yanzu in na wuce inda ake banda, haɓata ce ke fara tunawa.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da kai. Wata Laraba wanzami ya biyo ta layinmu, na kira shi na ce ya aske mazan duka, da ƙananan matan da ba a fara yi wa kitso ba. Ya shimfiɗa buzunsa, ya wasa aska, yana yi yana ba su dariya. Da ya zo kan ƴar mai kifi, ya aske gefe da gefe, ya tsaya.

"Maigida, wannan fa? Irin wannan ba haka kawai ake barinsa ba."

Mai ɗakina ta tafi famfo. Ba kowa a gidan sai ni da shi da yara. Na tuna alkawarin da na yi, ban manta ba ko kaɗan. Amma kwanakin nan ina jin kaina mai ilimi, don na saba zama bayan magariba ina sauraron wa'azi a rediyo. Na ce a raina rai na hannun Allah ne, ba na gashi ba, kuma gobe uwar za ta gode mini da na raba ta da tsoro. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya aike ni ba.

"Kwashe shi," na ce.

Ya dube ni, ya sake duban yarinyar, ya kwashe. Ita ko motsi ba ta yi ba, tana wasa da murfin gwangwani. Curin ya faɗo kan buzu. Na ɗauke shi, na naɗe a takardar siminti, na cusa a tsakanin katako da kwanon rufin ɗakina, da niyyar in binne shi gobe.

Bayan la'asar uwar ta shigo da tasa a ka. Yarinyar ta ruga ta rungume ƙafarta. Na shirya maganata tun azahar, amma ba ta ba ni wurin faɗa ba. Ta sauke tasar a hankali, ta shafa kan ƴarta sau ɗaya, ta kwance ɗankwalinta ta rufe mata kan, ta goya ta, ta fita da kai a buɗe. Tasar kifin ma sai washegari wata ta zo ta ɗauka.

Da abin ya tsaya nan, da laifina ɗaya ne. Amma labari ya zaga cikin matan gada. Cikin mako guda biyu suka janye yaransu. Wata ta faɗa wa mai ɗakina a famfo cewa wanda ba ya riƙe magana ɗaya ba a bar masa ɗa. Raina ya ɓaci. Na jingina da sandata na tafi har rumfar masu kifi ta bakin hanya, inda uwar yarinyar take zama ranakun da ba ta ƙetare ba.

"Ke ce ke yawo da sunana a gari?"

"Ban faɗi abin da ba a yi ba, Baba."

Wata tsohuwa mai tattasai ta ce, "Ka ji mai reno ya zo da sanda. Mu ma aske mu za ka yi?" Matan suka yi dariya, dariyar ta ƙara tunzura ni.

Uwar ta miƙe, muryarta ƙasa ƙasa. "Abu ɗaya nake roƙo. Ina gashin? Ba ni shi in kai wa innata."

A wannan lokacin gashin yana cikin rufin ɗakina. Da na ce mata zo ki karɓa, da an gama. Amma idanun mata suna kaina, sai na ce:

"Na zubar a juji. Gashi ne ke raya mutum? Ki kai ta likita in ba ta da lafiya, ki bar camfi."

Ba wanda ya ƙara dariya. Ta koma ta zauna, ta ci gaba da jera kifi. Na juyo gida ina jin na yi nasara.

Ruwa ya sauka. Tsakar gida ta yi ciyawa, mangwaro ya yi sabon ganye, yara huɗu suka rage mini. Bayan azahar in sun kwanta, kwalekwalen nan nawa yakan dawo, amma yanzu akwai wuri guda a cikinsa da ba kowa. Wani lokaci in ji an riƙe mini kunne, in buɗe ido in ga ganye ne ya faɗo. Wata rana na yi mafarki kogi ya shigo gari ba hayaniya, ya cika layinmu, takardar simintin tana yawo a kan ruwa, ina miƙa hannu tana matsawa.

Ana tsakiyar damina mai ɗakina ta dawo daga kasuwa ta ajiye kwando, ba ta ce mini sannu da gida ba.

"Yarinyar tana asibiti. Zazzaɓi ne, har da fizga."

Na ce Allah ya ba ta lafiya, ai lokacin sauro ne.

"Lokacin sauro ne, Malam. Amma ka san inda na ga uwarta shekaranjiya da hantsi? A jujin bayan gidanmu, da kara a hannu, tana tona shara. Wata uku da zubar da abu, ruwa ya bi ta kai sau nawa, tana nema."

Na shiga ɗaki na ɗaga kai. Gefen takardar yana leƙowa daga inda na cusa ta. Na zauna bakin gado na daɗe. Ni na san zazzaɓin ba daga aska ya zo ba, har yau ban canja ra'ayi a kan wannan ba. Amma matar da ta binne uku tana zaune a gefen gadon asibiti da tunanin cewa abu guda da aka ce ta tsare ya ruɓe a juji, kuma ni na sa mata wannan tunanin, da ƙarya, don kada mata su yi mini dariya.

Duk da haka ban je ba. Wannan shi ne laifi na uku. Na ji tsoron in isa in tarar da abin da ba na so, takarda a hannuna. Kullum in ce gobe. Mai ɗakina ce ke zuwa da kunu tana dawowa da labari: yau ta buɗe ido, yau ta sha ruwa, yau ta nemi ƙosai. Bayan an sallame su uwar ta wuce da ita Tunuga, ba ta koma kasuwa ba.

Sai da gero ya fara nuna, ruwa ya ja baya, na sauko da takardar. Na nuna wa mai ɗakina. Ta buɗe ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ashe duk wannan lokacin a kan kanmu yake." Sai ta ɗauko mini riga mai kyau.

Na hau babur ɗin kabu-kabu da safe zuwa Tunuga. Hanya duk taɓo, bayana yana jin kowane rami. Gonakin shinkafa sun yi kore har bakin ruwa, balbelu suna tsaye a ciki kamar an dasa su. Na tambayi gidan tsohuwa mai ƴa mai kifi a Gaya, aka nuna mini wani gida mai dangar kara, taru a shanye a kan danga.

Na yi sallama. Tsohuwar ce ta amsa, tana zaune tana gyaran zogale. Uwar ta fito daga ɗaki, ta gan ni, ta tsaya. Yarinyar tana bayanta, ta rame, gashi ya fito mata ko'ina daidai, ba a gane inda tukkun yake a da. Ta leƙo, ta dube ni, sannan ta tako a hankali ta kama gefen rigata. Uwar ba ta kira ta ba.

Aka shimfiɗa mini tabarma, ban hau ba. Na durƙusa a ƙasa duk da bayana, kamar yadda ita ta durƙusa mini ranar farko. Na fito da takardar daga aljihu, na buɗe, na ajiye a gaban tsohuwar. Curin yana nan yadda yake, ja, da sauran warin hayaƙi. Tsohuwar ta ajiye zogalen. Uwar ta sa hannu ta rufe bakinta.

Na ce: "Ƴata, ga shi. Ban zubar ba, ƙarya na yi miki a gaban mutane. Kin ba ni amana, kin faɗa mini abu guda, na amsa miki da to, na karya ina sane. Kin roƙe ni shi da ladabi, na wulaƙanta ki. Kina asibiti na ji labari, na ƙi zuwa don tsoro. Inna, aikin hannunki ne na riga ki, ba ni da hakkin yi. Ƴata, ban zo don ki maido mini da yarinyar ba. In na koma Gaya zan je rumfar kifi in faɗi wannan magana a inda na faɗi waccan. Na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."