Kilishi a Cikin Gidan Sauro

Na yi kilishi a kan dutsen ƙanƙara a ƙasar Suwizalan, wani mara lafiya ya ci, ya tashi. A ƙarshen shekarun saba'in ne.

Ni ɗan mahauta ne daga Kano. Ban yi boko ba. Na fara riƙe wuƙa tun hannuna bai gama zagaye ƙotarta ba. Lokacin yaƙin basasa na shiga soja, aka sa ni a kicin. Na ga abin da na gani, ba shi zan faɗa ba. Bayan yaƙi na zama kuku a gidan wani ma'aikacin gwamnati a Ikko. Da aka tura shi aiki Suwizalan, sai ya tafi da ni.

Ranar da zan tashi, uwata ta cusa mini gidan sauro a cikin akwati. Na ce mata an ce ƙasar sanyi ce. Ta ce duk ƙasar da ke da ruwa tana da sauro. Ban yi mata musu ba. Da muka isa, uwargida ta gan shi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ban ga sauro ko ɗaya ba a gidan nan. Na ninke abina na mayar ƙasan akwati.

Birnin da muka zauna a bakin wani babban tafki yake. Da sanyi ya shigo, sai wani farin hazo mai laima ya rufe garin, a yi makonni ba a ga rana ba. Ni dai ina kicin. Tuwon semo nake tuƙawa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa, duk wanda ya zo daga gida shi ke kawo mana. Ran Lahadi ba ni da aiki. Sai in je tasha in yanki tikiti, in zauna a bakin taga, jirgin ƙasa ya yi ta hawa da ni har mu huda hazon mu fito cikin rana. Ina kallon shanunsu masu ƙararrawa a wuya. Mutane na cewa suna da kyau. Ni cinyoyinsu nake dubawa.

Abokina ɗaya ne a garin, wani dattijo direba, mutumin Damagaram, yana tuƙa wani babban ma'aikacin ƙasarsu. Baba nake kiransa, shi kuma Bakano yake ce mini. Duk Juma'a yana zuwa kicin ɗina ya ci tuwo, ya suɗe kwano, sannan ya ce miyar ba ta yi ba.

"Bakano, wa ya koya maka girki? Soja?"

"Baba, kwanon ma ka bar mini shi, na uwargida ne."

A shekarata ta biyu ciwon ƙirji ya kama shi. Aka kai shi wani asibiti can saman dutse, inda suka ce iska ta fi kyau. Na hau jirgi na je duba shi ran Lahadi. Da kyar na gane shi. Ya koma kamar kara. Abincinsa na ajiye a gefe bai taɓa ba: dafaffen dankali, cuku, da wani farin romo. Likitar da ke duba shi ta gaya mini da Faransancin da nake ɗan tsinta cewa magani na aiki, amma mutumin ba ya ci, kuma idan ya ci gaba a haka ba zai ga ƙarshen sanyin ba.

Na kai masa tuwo a mako na gaba. Kafin in hau dutsen ya sandare. Ya yi loma ɗaya ya ture.

"Baba, me kake so?"

Ya daɗe yana kallon taga. Ba abin da ake gani sai farin ƙanƙara.

"Ka ga wancan?" in ji shi. "Cikinsa za su rufe ni. Ni da aka haifa a kan rairayi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Me bakinka yake so?"

"Kilishi," ya ce. Sai ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Je ka nemo mini rana tukuna, Bakano."

Na ce to.

Naman da muke ci daga wajen wani Balarabe mahauci nake sayo shi, a ƙetaren iyaka cikin Faransa, domin shi ke yanka irin tamu. Na sayo cinyar sa. Na zauna na shimfiɗe ta da wuƙa fale-fale, har kana ganin hasken fitila ta cikin naman. Wannan hannuna bai manta ba. Na shanya a barandar gidanmu. Hazo ya sha shi, ya yi yauƙi, ya fara wari. Matar da ke kula da benen ta hau ta yi ta faɗa tana toshe hanci. Na zubar. Na gwada a obin, murhun gashi na kicin, da wuta kaɗan. Ya dahu, bai bushe ba. Yaran gida suka cinye, suka ce ya yi daɗi. Ba kilishi ba ne.

Sai na tuna ranar da ke saman hazo. Lahadi ta zagayo na ɗauki nama na hau. Na wuce ƙauyen da asibitin yake, na sami wani falalen dutse da ƙanƙara ta narke a kansa, na shimfiɗa tabarma na baje naman kamar yadda muke yi a bayan mahauta. Rana na dukan fuskata, iska a bushe har leɓena na tsagewa. Na ce yau an gama.

Ban san da tsuntsayen ba. Wasu baƙaƙe ne masu rawayan baki, kamar hankaka amma ba su kai shi girma ba. Masu zuwa wasan zamiya a ƙanƙara sun saba ba su burodi a hannu, don haka ba sa tsoron mutum. A gida, in ka ɗaga sanda shaho ya san nufinka. Waɗannan na ɗaga sanda suka sauka a kan sandar. In kora na dama, na hagu su ɗauka. Turawa suka tsaya da katakansu a ƙafa suna dariya, har da mai ɗaukar hoto. Kafin la'asar saura tabarma.

Wani tsohon manomi yana tsaye a bakin rumbunsa, ya ga komai. Bai yi dariya ba. Ya yafito ni, ya buɗe wani ɗakin katako mai ramuka a bango. Nama ne rataye, jere-jere, iska na ratsa shi. Ashe su ma suna busar da nama. Ya nuna mini wata ƙugiya da ba komai a kanta, ya nuna ni. Na shiga na duba. Cinyoyin alade ne rabin ɗakin. Na fito na girgiza kai. Ya ɓata rai, ya zaci na raina masa ɗaki. Na nuna cinyar aladen, na nuna sama, na ɗora hannu a ƙirjina. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ɗaga kafaɗa. Ya ja ni muka hau barandar gidansa ta sama, wadda ke fuskantar rana tun safe har yamma. Ya nuna wurin. Sannan ya nuna tsuntsayen, ya buɗe hannuwa, wato wannan kuma bai san yadda zan yi ba.

Ni na sani.

Na koma na ce wa maigida ina son hutun mako guda. Tun da na fara masa aiki ban taɓa nema ba.

"Ina za ka?" ya ce.

"Kan dutse, ranka ya daɗe."

"Wasan ƙanƙara za ka koya?"

"Shanya zan yi."

Kafin in tafi na soya gyaɗa, na niƙa, na matse mai da hannu har na sami tunkuza. Na haɗa ta da barkono da citta da kanumfari da albasa da gishiri, na yi labu, wato ƙullun da ake tsoma naman a ciki. Na ciro gidan sauron uwata daga ƙasan akwati.

A barandar tsohon na ɗaura shi, kusurwa huɗu, kamar zan kwanta. Na ja igiyoyi a ciki na rataye naman, na danne gefen da itace. Tsuntsayen suka zo suka jeru a kan katako suna leƙe. Ɗaya ya ja ragar da baki, ya gaji ya bari. Na zauna a kujera na miƙe ƙafa ina kallonsu. Wannan shi ne hutun da na fi jin daɗinsa a rayuwata. Da rana in zauna a gaban duwatsun nan, da yamma in kwashe naman in shiga da shi don kada ya daskare, in taya tsohon ba shanu ciyawa. A ɗakin da ke saman garken nake kwana, ɗumin shanun na tasowa ta ƙasa. Matarsa tana ba ni madara da burodi. Ba mu da yare ɗaya, ba mu kuma rasa komai ba.

Naman ya bushe ƙayau. Na tsoma shi a labu, na sake shanyawa. Da ya sake bushewa, tsohon ya kwaso mini garwashi daga murhunsa, na gasa sama-sama. Ƙamshin ya cika kwarin. Na ba shi yanki. Ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya yi tari, ya miƙo hannu a ƙara masa.

Na naɗe sauran a takarda na gangara asibiti. Tun ban buɗe ba Baba ya ɗago kai.

"Bakano, me ke cikin rigarka?"

Na ajiye masa a kan bargo. Ya gutsuri kaɗan ya sa a baki, bai tauna ba, tsotsa yake yi, ido a rufe. Sannan ya ƙara. Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta yi atishawa, ta fita ta kira likitar. Likitar ta dubi takardar, ta dubi bakinsa yana motsi, ta ce a bar shi.

"Yaya, Baba?"

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce. "Aikin Kanawa. Miƙo mini ruwa. Wancan dankalin ma turo shi nan."

Daga ranar ya fara ci. Yakan gutsuri kilishin ya bi da abincinsu. Na sake yi masa sau biyu kafin ƙanƙara ta narke. Da ciyawa ta fito ya sauko daga dutsen da ƙafarsa. Ya ajiye aiki ya koma gida.

A tsakiyar shekarun tamanin maigida ya bar gwamnati, ya sami koyarwa a wata jami'a a Greensboro, wani gari can ƙetaren teku, na biyo shi. Daga baya na kama aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, na yi aure, na kama gida a gabashin gari. Ɗalibai 'yan gida suka gano ni. Wata rana suka ɗauke ni a mota muka yi yamma, wai za su nuna mini duwatsu. Muka isa suka ce, "Ga dutse." Na duba na ce musu tudu ne.

Zafin garin nan laima gare shi, ba ya busar da nama. Sai ganye ya zube, iska ta bushe, nake zuwa wata gona a Summerfield, nan bayan gari, in sayi sa in yanka da hannuna, in ɗaura gidan sauron a bayan gida. Maƙwabciyata ta taɓa leƙowa ta kan shinge ta tambaye ni wa ke kwana a ciki. Na ba ta yanki. Tun daga nan take tuna mini in lokaci ya yi.

Wani ɗalibi daga Nijar ne ya kawo mini labarin Baba. Ya yi shekaru a gida, ya ga jikoki, ya rasu a Damagaram da bazara. A cikin rairayi aka rufe shi.

Yanzu ina Greensboro, a gidan nan dai na gabashin gari. Na daina aiki. Hannuna na rawa, amma in na riƙe wuƙa yana tsayawa. Gidan sauron ya sha ɗinki, yana nan.