Inda Ayar Gidanmu Take Zuwa

Da na ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, sai na tafi Maradi karatun gudanar da kasuwanci. A ƙauyenmu, wanda ke kusa da Cadawa, ba wanda ya gane abin da na je koyo. Baba yakan ce wa abokansa, "Ya tafi lakol ya koyi saye da sayarwa," su kuma su gyaɗa kai don kara, tunda a ganinsu wannan abu ne da ake koya a bakin rumfa.

A shekara ta biyu aka kawo mana wani malami mai koyar da dabarun talla da neman kasuwa. Dogo ne, mai magana a hankali, ya taɓa aiki a izin, wato masana'antar tatsar man gyaɗa, kafin ya koma koyarwa. Ranar farko ya riƙa bin mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da ake nomawa a gidajenmu. Da ya zo kaina na ce aya.

"Wa ke cinta?" in ji shi.

Na ce, "Mutane, mushe," kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci.

Ajin ya yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Waɗanne mutane? A wane gari? Ɗanya suke ci ko jiƙa ta suke yi? Hutu ya kusa. Ka bi ta ka gani."

Na tashi cikin aya. Na san yadda ake ƙone ganyenta in ta nuna, a tone ƙasa, a yi ta rairaya har ƴaƴan su rage a rariya. Amma ban taɓa tunanin inda take zuwa ba bayan an ɗora buhu a kan amalanke.

Da na isa gida na tarar da Baba yana ɗinke bakin buhu a zaure. Na tambaye shi. Ya tsaya da basilla a hannu, ya ce, "Dillali nake ba. Shi kuma ya ba masu kamyo, manyan motocin kayan nan." Ya ɗan yi tunani. "Kai, ni ma dai ban sani ba."

Inna, da ta leƙo da ƙwaryar fura, ta ce ita kullum tana zaton dakuwa ake yi da ita. Sai kuma ta gyara da kanta: "To amma wane gari ne zai cinye dakuwar kamyo guda?"

Ranar kasuwar Cadawa na bi Baba. Dillalin nasa tsohon abokinsa ne, ya san ni tun ina ƙarami. Ya tsoma hannu can cikin buhu, ya damƙo, ya watsa a tafin hannunsa yana duba. Ya nuna mini cewa ƙananan daban suke tafiya, su ake soyawa da sukari ana tallarsu a nan kusa. Manyan kuwa wani Alhaji ne a Gazawa ke kwashewa. Abin da Alhajin ke yi da su, ya ce sai dai in je in tambaye shi.

Na roƙi direban kamyon da zai kai kaya Gazawa ya ɗauke ni, na hau can sama kan buhuna, cikinsu har da namu. A Gazawa na sauka gidan kawuna, ƙanen Inna, wanda ke gyaran babura a bakin tasha. Shi ya raka ni wurin Alhajin washegari.

Mangazar da Alhajin ke ajiye kaya tana da faɗi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mata da ke zaune a kan tabarmi suna tsince tsakuwa daga ayar da mu muke ganin mun riga mun gyara. Alhajin mutum ne mai son hira. Da ya ji daga lakol aka turo ni sai ya sa aka kawo mini kujera.

"Kashi ɗaya Katsina da Kano yake zuwa," in ji shi. "Masu kunun aya ke saye. Wannan na sani, don na sha da bakina. Ɗaya kashin kuwa, wanda ka ga ana tsincewa, mai sayensa ba ya son tsakuwa ko ɗaya, ba ya son danshi, kuma sai a sabon buhu. An ce jirgin ruwa yake shiga."

"Zuwa ina, Alhaji?"

"Na tambaya, ɗana. Wani ya ce mai ake tatsa, wani ya ce abincin kifi ne. In ka ji gaskiyar ka biyo ka faɗa mini."

Na kuma tambayi direban da ke ƙetare iyaka da kayan. Ya ce shi a wani fili yake saukewa a Kano, wata babbar mota ta ɗauka ta yi kudu. A nan tafiyata ta tsaya, don hutu ya ƙare. Abin da na koma da shi aji shi ne, kowa a wannan hanya ya san wanda ya ba shi da wanda ya karɓa daga hannunsa, bayan haka sai ji-ta-ji-ta.

Bayan na gama bayani a gaban aji, wata ƴar ajinmu daga Gidan Rumji ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce yayanta na karatu a Sipaniya, kuma ya taɓa gaya mata cewa a can suna shan wani farin abu mai sanyi da ake yi da aya. Da ya zo hutu, ya taho mata da kwali biyu, ta ba ni ɗaya. Ga hoton aya nan a jikinsa, manya, irin tamu sak.

Ban buɗe ba sai da na kai gida. Inna ta ɗauko kofuna, na zuba wa kowa kaɗan. Baba ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Kunun aya ne," ya ce. "Tamu ce?"

Na ce ban sani ba, don su ma can suna noman tasu. Inna ta ce ko ta wa ce, an yi mata rowar dabino da citta. Sai ta karɓi kwalin tana jujjuya shi, ta tambaye ni yaushe aka dama. Na duba rubutun na ce ya yi watanni.

Ta dube ni. "Nawa in na dama da safe, kafin la'asar ya yi tsami. Me suka sa masa?"

Wannan ma ban sani ba. A shekarar ƙarshe muna da darasin sarrafa kaya a masana'anta, sai na ɗauki tambayar Inna na mai da ita aikin kammala karatuna. Na karanta cewa zafi ake ba shi mai tsanani na ɗan lokaci, a rufe shi yadda iska ba za ta shiga ba. A hutu na gaba muka gwada ni da ita. Muka wanke kwalabe da tafasasshen ruwa, muka dama kunu, muka ɗora tukunya a murhu. Yana ɗaukar zafi sai ya fara kauri, kafin mu ankara ya zama kamar koko. Ashe akwai sitaci a cikin aya, kuma su can sai sun san yadda suka yi da shi kafin su dafa.

Ba mu zubar ba. Inna ta ƙara sukari, ta rarraba a ƙwarya, aka kira maƙwabta, muka sha da ludayi. Wata tsohuwa ta tambayi sunan abin, Inna ta ce ba a raɗa masa ba tukuna.

Yanzu ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a Maradi, muna niƙa garin aya muna zubawa a leda, mai saye ya dama da kansa. Kunun kwalba kuwa har yau muna gwaji. Wanda muka rufe a makon jiya yana nan a kan kanta, gobe za mu buɗe mu ɗanɗana.